Iznin Shiga Gonar Mista Alan

Tun da aka fara yaɗa bidiyon farautar zomo a waya na daina samun sakat a ƙofar masallaci. Da an sallame Juma'a sai samarin Lewisham ta nan London su tare ni, wannan ya miƙo waya, wancan ya miƙo, wai in ga yadda wani Bature ya zura feret a rami, zomo ya faso ya faɗa raga, an gama. Sai su ce, "Kawu Garba, ashe abin easy ne haka? Mu ma za mu yi ordering ɗin feret mu fara." To ku yi. Dabba ce ta sayarwa, ko gobe sai a kawo muku ita har ƙofar flat. Abin da wayar ba ta nuna muku ba shi ne ƙasar da mutumin nan yake durƙushe a kai, da yadda aka yi mai ita ya yarda ya taka ta. Ni da na tsufa a sana'ar nan har yau wannan ɓangaren bai gama zauna mini a kai ba.

Ga wanda bai san feret ba, 'yar dabba ce doguwa siririya, kamar an kama tunku an ja shi ya ƙara tsawo, ga ta da wari irin na bodari. Ba ta da wani buri a duniya sai shiga rami. Zomayen ƙasar nan kuwa ba irin namu na gida ba ne da ke laɓewa a gindin ciyawa. Su gari guda suke ginawa a ƙarƙashin ƙasa, da ƙofofi ta ko'ina. Kai mafarauci sai ka bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, ka shimfiɗa wa kowacce 'yar raga mai zarge, ka kafa mata turke, sannan ka saki feret. Da zomo ya ji warinta sai ya nemi hanyar fita, ya faɗa ragar, ta zarge shi da ransa. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Ragogi ne, da akwatin katako mai hudojin shan iska, da siririn shebur, da wuƙa, sai wani ɗan abin wuya da ake ɗaura wa feret, wanda ke sa na'urar hannunka ta yi ƙara idan ka zo daidai saman inda take. Sauran kuma gwiwarka ce, don rabin yinin a durƙushe za ka yi shi cikin taɓo. Aikin na lokacin sanyi ne kawai, daga sanda ganye ya fara zuba zuwa kafin zomaye su fara haihuwa.

A wurin wani tsohon Bature mai suna Denis na koya. Karatu ne ya kawo ni London, karatun ya tsaya, na faɗa aikin kashe ɓera da korar tattabaru a shagunan Deptford, Denis kuma shi ne maigidana a wannan aikin. Wata Asabar ya ce in raka shi wajen gari in riƙe masa akwati. Ranar na sha harara, don ina taka ƙasa da ƙarfi, ina magana a bakin rami, ina tsayawa ta inda iska za ta kai warina ciki. Da zomon farko ya faɗa raga, kafin in ƙifta ido Denis ya cafke shi ya karya masa wuya. Salati ya kuɓuce mini. Na ce masa ya mayar da nama mai kyau mushe, in zai yarda ya bar mini nawa rabon in yanka da wuƙa yadda addinina ya ce. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗin hannuna ya yi sauri kamar nasa, don ba ya son dabba ta wahala. Na wasa wuƙar nan har tana aske gashin hannu.

Wannan yankan shi ya zama abincina. Duk yankinmu ba wanda ke kawo zomon daji yankakke da bisimilla sai ni. Babban abokin cinikina shi ne Alhaji Idirisu, mutumin zangon Kumasi, mai shagon nama a kasuwar Deptford. Matan Gana na Peckham su ke fara yi masa layi, su ce a ƙona musu gashin kada a feɗe, za su yi miyar gyaɗa. Akwai wani likita ɗan Katsina da ke tuƙo mota tun daga wancan ɓangaren kogi, ya ɗaga zomo ya juya shi, ya ce bai kai na gida girma ba, ya saya, sati mai zuwa ya dawo ya sake faɗin haka. Sana'ar ba ta sa na yi arziki ba, amma ita ta riƙe gidana duk lokacin sanyi, kuma ita ta sa aka san ni da Garba Mai Zomo.

Kama zomo a cikin sanyi ɗaya na iya shi. Neman izni kuwa Denis ya daɗe bai bar ni na buɗe baki a gaban mai ƙasa ba. In tsaya a bayansa kawai in kalla. Ya ce ranar neman izni ba a zuwa da feret, ba a zuwa da takalmi mai taɓo, kuma ba a ƙwanƙwasa wa Bature ƙofa yana cin abincin rana na Lahadi. In an ba ka, duk ƙyauren da ka buɗe ka rufe shi, duk ramin da ka haƙa ka cike shi ka mayar da ciyawar kansa yadda take. Kada ka kawo aboki. Waɗannan duk na gane su, don ladabi ne, mu ma mun san ladabi.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne gano wa za a tambaya. Na tuna wani filin dawaki, karo na farko da na je neman izni ni kaɗai. Matar da ke kiwon dawakin ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ce zomaye sun haƙe mata fili, saura kaɗan wata goɗiyarta ta karye. Na zo da asuba na shimfiɗa ragogi, na saki feret, sai ga wani mutum da kare yana tambayata wa ya aiko ni. Ashe ita haya take yi, filin nasa ne. Na ba shi haƙuri, ya huce, ya ce in ci gaba, sai dai shingen da ramukan suke ƙarƙashinsa ba nasa ba ne, na hukumar jirgin ƙasa ne. Muna cikin wannan ya ƙara da cewa haƙƙin farauta a filin ma tun zamanin mahaifinsa aka sayar da shi ga wani mutum da ke zaune a Sifen. Na tsaya da shebur a hannu, feret ɗina tana can ƙasa, ban san ma a ƙarƙashin ƙasar wa take ba a lokacin. A garinmu in ka gaida mai gona ka gaida mai unguwa ka gama. Nan kuwa ƙasa ɗaya ce, amma mai ciyawa daban, mai shinge daban, mai zomo daban.

Wani wurin wasan golf sun ce in zo, amma in tabbata membobinsu ba su gan ni ba. Masu hayar 'yan lambunan council, wato ƙaramar hukuma, na kusa da mu har taro suka kira a kaina. Rabinsu suna kukan zomaye sun cinye musu kabeji, rabinsu kuma sun raɗa wa zomayen suna. Aka yi ta muhawara aka tashi baram-baram, har yau ban san an ba ni ko an hana ni ba.

Shi ya sa gonar Mista Alan ta fita daban a wurina. Tana can bayan Bromley, inda jar bas ke juyawa ta koma, wurin da in ba an faɗa maka ba ba za ka yarda London kake ba. Tumaki yake kiwo, yana ɗan noman sha'ir, kuma ƙasar tasa ce, shingen nasa ne, zomayen ma nasa ne. Akwai wani dogon tudu a gefen gonar da ramuka suka huda shi kamar rariya. Denis ne ke da iznin wurin tun yana saurayi. Da gwiwoyinsa suka gaza, zai koma bakin teku wurin ɗiyarsa, sai ya ɗauke ni ya kai ni gaban Mista Alan ya ce ga wanda zai gaje shi. Tsohon ya dube ni daga hula har takalmi, ya tambaye ni ko ina shan shayi da madara. Na ce ina sha. Ya miƙo mini hannu. Iznin ke nan, ba takarda ba shaida, kuma a kan wannan musafahar na yi shekaru ina shiga gonar.

Ba mutum ne mai magana ba. In na gama aiki sai in ware masa zomaye mafiya ƙiba in gyara in kai masa, don a wurinmu mafarauci ba ya wuce mai gona bai ajiye masa rabonsa ba. Farko ya ce ba sai na yi ba, daga baya ya saba har yana leƙen jakar. Sai ya haɗa shayi, mu tsaya a jikin ƙyauren garke muna kallon tumaki. Zai ce za a yi ruwa, in ce da alama. Hirar ke nan. Da babbar salla ina kai masa soyayyen nama, shi kuma ya cika mini kwali da ƙwai. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya, Helen, tana aikin ofis a cikin gari, nakan gan ta jefi-jefi mu ɗaga wa juna hannu.

Sai ga muguwar shekara. Wata cuta ta shigo wa zomaye, ba irin tsohuwar da ke kumbura musu ido ba, wannan ba ta da alama. Yau ka ga fili ya cika da su, sati mai zuwa tsit. Na je wani fili da na saba cika jaka, na shimfiɗa ragogi har yatsuna suka daskare, na saki feret, ta shiga ta zaga ta fito tana kallona. Da na sa hanci a bakin ramin na ji abin da ke ciki. Haka na bi wurarena ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙasa kuwa ba don yana son ganinka yake ba ka izni ba, don zomaye sun dame shi ne. Da zomayen suka ƙare sai iznin ya bi su. Ba wanda ya kore ni, kawai in na kira sai a ce za a neme ni. Gonar Mista Alan ce kaɗai cutar ta tsallake, ban san dalili ba. Na rage feret ɗina, na rage abokan ciniki, sana'ata gaba ɗaya ta koma ta rataya a kan tudun nan guda. In ya kuɓuce, Garba Mai Zomo ya gama.

Ana gab da shiga sanyi, ina cikin ɗinke ragogi, Denis ya kira ni daga bakin teku ya ce Mista Alan ya rasu. An same shi a kujerarsa da safe. Na ji mutuwar nan har cikin ƙashina. Na faɗa wa matata Rabi, ta shiga kicin ta ɗora tukunya. Na tambayi liman, ya ce ta'aziyya ga maƙwabci ba laifi ko da ba musulmi ba ne. Washegari na ɗauki Rabi da Alhaji Idirisu da wasu dattawa biyu na masallaci a motar kayana, kowa cikin babbar riga, ga kulolin shinkafa da cincin a baya. Ba mu buga waya ba. Wa ke yin booking kafin ya je gaisuwar mutuwa?

Helen ce ta buɗe ƙofa, da tsohon wando a jikinta da jakar shara a hannu, tana kwashe kayan mahaifinta. Gidan ba kowa. Wannan ya fara ɗaure mini kai, uba ya mutu jiya-jiya amma ko tabarmar zaman makoki babu, ba dangi ba maƙwabta, ita kaɗai da kare. Ita ma da ganin fuskarta kanta ya ɗaure, ta ga manyan riguna sun cika mata ƙofa. Na ce mata mun zo ne mu taya ta baƙin ciki. Ta shigar da mu kicin, muka zazzauna, kowa ya yi mata gaisuwa da irin Turancinsa, sannan muka yi shiru kamar yadda ake yi. Ta rasa yadda za ta yi da mu, ta yi ta haɗa shayi. Rabi ta tashi ta karɓe butar ta zaunar da ita, ta zuba mata shinkafa, ta tsaya a kanta sai da ta ci.

Can Helen ta juyo wurina ta ce, "Baba yana yawan maganarka. Kai da zomayen tudun nan." Ta dube ni kamar mai jiran in ɗora. Maganar ta zo mini har leɓe. Sai na ji takalmin Alhaji a kan ƙafata ta ƙarƙashin tebur. Na ce mata mahaifinta mutumin kirki ne, Allah ya ba ta haƙuri.

Muna shiga mota Alhaji ya hau ni da Hausarsa ta zango. "Garba, kai yaro ne? Wannan mata ubanshi ko rami bai shiga ba, kai kana so ka yi magana zomo? Ka bari arba'in ya wuce." Rabi ta ce gaskiyar Alhaji ce, in na ɗago maganar yanzu sai a ce shinkafar ma ta neman izni ce. Ni ma a raina haka na gani. Sai kuma gardama ta tashi a kan daga yaushe za a fara lissafin arba'in ɗin, tun da Turawa sai su ajiye gawa sati da satuttuka. Rabi ta ce daga ranar rasuwa, Alhaji ya ce daga ranar binnewa. Don kada a yi kuskure aka tsaya a kan na Alhaji, wanda ya fi nisa.

Da na faɗa wa Denis a waya yadda muka yi, sai ya ce in kira Helen gobe da safe. Ya ce iznin da Alan ya ba ni ya mutu tare da Alan, yanzu ko ƙafa na sa a tudun nan ɓarawon farauta ne ni a idon doka. Ya ce akwai masu feret da yawa da ba su da wurin zuwa tun bayan cutar, kuma suna bin labarin mutuwar manoma. Mutumin da ya hana ni ƙwanƙwasa ƙofa ana cin abincin Lahadi, shi ne yau yake cewa in kira marainiya in yi mata maganar zomo gawar ubanta tana cikin firji. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Na ce masa na ji, na kashe wayar.

Ranar binnewa na je, na tsaya daga can baya. Da aka gama aka ɗunguma wata mashaya ta ƙauyen, ni ma na bi na riƙe lemo. Abin da na gani a wurin ya ƙara dagula mini lissafi. Mutane suna ci suna sha suna dariya, manoma suna tambayar juna wa zai karɓi hayar gonar, nawa za a sayar da tarakta. Helen tana tsakiyarsu tana amsawa. Na ga wani saurayi mai jan gemu ya ja ta gefe yana mata magana, har ta ciro waya ta ɗauki lambarsa. Na ce a raina wannan ɗan'uwa ne. Na yi mata sallama na tafi.

Bayan nan mun koma ni da Rabi sau da dama, duk ran Lahadi da yamma, da ɗan abinci. Helen ta ɗauki hutu ta tare a gidan. Rabi takan zauna da ita a kicin, ni in zaga in gyara abin da na ga ya lalace, in duba tumaki kafin a zo a kwashe su. Tudun kuwa ko kallonsa ba na yi sosai, don kada a ce. Wata rana za mu tafi ta biyo ni har mota ta ce, "Garba, akwai wani abu da kake so?"

Na ce, "Babu komai. Gaisuwa ce kawai."

Ta ce na tabbata? Na ce na tabbata. Me zan ce? Ko a gida ka je wurin mutum da buƙata ya tambaye ka, ai babu komai za ka fara cewa, balle gidan makoki. Ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Sanyi ya shiga sosai. Wayata ba ta hutawa, matan Peckham suna tambaya ko an yi cancel ɗin zomo bana ne. Alhajin da ya taka mini ƙafa shi ne kuma yake kira yana cewa kwastoma sun dame shi. Feret ɗina suna keji a bayan garejin da nake haya, suna ci suna ƙiba, in na buɗe sai su hau hannuna suna neman akwati. Ba zan shiga gonar ba don Denis ya ce iznina ya mutu. Ba zan nemi sabo ba don arba'in ba ta cika ba. Ladabin Bature ya riƙe mini ƙafa ɗaya, namu ya riƙe ɗayar, ni kuma ina tsakiya ina ɗinke ragogin da na riga na ɗinke.

Da arba'in ta cika na goge takalmi, na sa riga mai tsabta, na bar feret a gida kamar yadda aka koya mini, na tafi ni kaɗai. Tun daga kan hanya na hango wata jar motar kaya a gindin tudun. Na rage gudu. Mutum ne a durƙushe yana kafa turke, ragoginsa sun bi tudun a jere. Da ya ɗago na ga jan gemun. Na ce wataƙila taimako ya zo yi na yini ɗaya. Na wuce gidan.

Helen ta yi murnar ganina, ta tambayi Rabi, ta ɗora shayi. Na gaishe ta, na tambayi kare, na tambayi aiki, na yi zancen ruwa. Sai da na ga shayin ya kusa ƙarewa sannan na ce na zo ne a kan maganar tudu, in za ta yarda in ci gaba kamar yadda nake yi zamanin mahaifinta.

Ta ajiye kofinta a hankali. Ta ce ta ba wa saurayin nan. Tun ranar binnewa ya tambaye ta, ta ce masa ya dakata, babanta yana da mutuminsa. Ta jira in yi magana ban yi ba. Ta ga ina ta zuwa ba feret ba raga, ta tambaye ni baki da baki na ce babu abin da nake so. Sai ta ɗauka na ajiye sana'ar ne, zuwan da nake yi na ban kwana ne. Ga wanda ya karɓi hayar gonar yana kukan zomaye suna cinye masa shuka. Ta kira saurayin, ta ba shi hannu a kai. Ta ce hannun da ta ba shi ba za ta iya janye shi ba, haka babanta ya rene ta.

Na yi mata bayanin arba'in, da yadda a wurinmu ba a kawo wa mai makoki buƙata sai hawayensa ya bushe. Ta saurara bakinta a buɗe. Ta ce to me ya hana in faɗa mata cewa jira nake? Na ce in na faɗa ai na tambaya ke nan. Ta dafe kai, ni ma na dafe nawa. Muka zauna kowa yana kallon tebur.

Sai na ga tana share ido. Ta ce tun da babanta ya mutu ba wanda ya taka gidan nan sai da abin da yake so. Wani tarakta, wani filin ƙasa, wani bindigogin tsohon, har karen an tambaya. Ta ce ni da Rabi ne kaɗai muke zuwa mu zauna mu tafi, kuma zuwan namu ne ya riƙe ta a makonnin nan, don duk sati tana jiran Lahadi.

Ta ce, "Da ka tambaye ni ranar farko, a gaban mutanenka, da na ba ka nan take. Amma Garba, na ji daɗi da ba ka tambaya ba."

Baƙin ciki ya cika ni, ga kuma wani abu kamar daɗi a ƙarƙashinsa, na kasa raba su. Da na kira Denis daga baya ya ce ai ya faɗa mini. Da na faɗa wa Alhaji ya ce ai ka gani, da ka yi magana da ka zubar da mutuncinka. Kowannensu ya tafi yana ganin shi ne mai gaskiya, kuma na kasa ƙaryata ko ɗaya. Sanyin nan bai ƙare ba sai da na kai feret ɗina wurin wani mai kiwonsu a Kent, na dawo da akwatin ba komai. Ban sake yanka zomo ba.

Amma ranar da muka yi maganar nan da Helen, da na dawo Deptford na hau benenmu, Rabi na jin motsin makulli ta fito daga kicin tana goge hannu, ta ce, "Malam, an dace?"

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu. Na ce mata gonar dai ta tafi, amma Helen tana gaishe ta, kuma tana tambaya ko za mu zo ranar Lahadi.

Rabi ta dube ni, ta dubi takalman da na goge. Ta ce to in na huta in sauka kasuwa in sayo shinkafa, wadda ke gidan ba za ta kai Lahadi ba.